Zauren aiki na haɗaka

Zauren aiki na haɗaka wuri ne da mutane masu sana'o'i daban-daban suke zama a ƙarƙashin rufi ɗaya, kowa yana aikin gabansa, amma suna tarayya a wutar lantarki da intanet da kujeru da kuɗin haya. Mai amfani da wurin yakan biya kuɗin awa ko na yini ko na wata, maimakon ya kama shago shi kaɗai ya sayi janareta. Waɗanda suka fi zuwa irin wannan wuri su ne masu rubuta manhaja, masu zane da kwamfuta, masu fassara, 'yan jarida masu zaman kansu, ɗalibai, da ƙananan 'yan kasuwa da ke tallar hajarsu ta Facebook ko WhatsApp.

A shekarun baya-bayan nan masu zanen gine-gine sun mayar da hankali kan yadda za a tsara irin waɗannan wurare su haɗa na'urorin zamani masu lura da wuta da iska, da itatuwa da hasken rana, da kuma tsimin ruwa da kayan gini. A Turai da Amurka galibi maganar jin daɗin ma'aikaci ce da rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. A garuruwa irin su Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na jihar Katsina, inda wuta ba ta tsayawa kuma zafin bazara kan kai digiri 40, yadda aka tsara ginin shi ne ke nuna ko wurin zai iya ɗaukar kuɗin wutarsa ko kuwa zai rufe.

Suna

Masu magana da Hausa ba su tsaya a kan suna ɗaya ba. Matasan Kano da Kaduna sukan ce hob, kalmar aro daga Ingilishi wadda asalinta take nufin tsakiyar ƙafar keke ko ta mota. A rediyo an fi jin cibiyar fasaha, sai dai kalmar cibiya tana kai tunanin mai sauraro ga makaranta ko ofishin gwamnati, alhali yawancin waɗannan wurare kasuwanci ne. Kalmar zaure ta fi kusa, domin a gidan Bahaushe na gargajiya a zaure ne maigida ke sana'arsa: nan malami ke karantarwa, nan baduku da mai ɗinkin hula ke zama, kuma baƙo yana iya shiga ba tare da ya keta cikin gida ba.

Wasu sukan kwatanta tsarin da aikin gayya, amma kwatancen bai zauna ba. A gayya kowa yana yi wa mutum ɗaya aiki ne a gonarsa. Abin da ya fi kama da shi shi ne shagon teloli, inda mutum biyar ko shida ke zaune kowa da kekensa da masu kawo masa ɗinki, a ƙarshen wata a raba kuɗin haya da na man janareta. Marina ma haka take, kamar ta Ƙofar Mata a Kano, inda marina da yawa ke aiki a fili ɗaya.

Tarihi

Ana yawan danganta farkon tsarin na zamani da Brad Neuberg, mai rubuta manhaja da ya buɗe irin wannan wuri a San Faransisko ta Amurka a shekarar 2005, ko da yake tun 1995 akwai ƙungiyar masu kwamfuta ta c-base a Balin ta Jamus da ke taruwa a wuri guda. Kamfanin WeWork, wanda aka kafa a Niyok a 2010, shi ne ya yaɗa tsarin a manyan biranen duniya. Ya kama gine-gine masu tsada haya na dogon lokaci, yana ba da su haya na gajeren lokaci, kuma a watan Nuwamba na 2023 ya shigar da takardun karayar arziki a kotu.

A Afirka an buɗe iHub a Nairobi a 2010. A Legas Bosun Tijani da Femi Longe suka kafa CcHUB, wadda ta buɗe ƙofarta a unguwar Yaba a 2011, kuma Mark Zuckerberg ya ziyarce ta a 2016. A shekarar 2016 ɗin ce Sanusi Ismaila ya buɗe CoLab a Kaduna. Kano tana da Startup Kano da Blue Sapphire Hub ta Maryam Lawan Gwadabe, birnin Katsina kuma yana da Kirkira Innovation Hub wadda Naufal Ahmad ya kafa, ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka ɗauki sunan Hausa. A Yamai akwai CIPMEN tun 2014. Dukkan waɗannan a manyan birane suke.

Tunanin shigo da tsirrai da hasken rana cikin wurin aiki ya samu ƙarfi daga littafin Biophilia na masanin halittu Edward O. Wilson, wanda ya fito a 1984, inda ya kawo hujjar cewa ɗan Adam yana da son kusantar abubuwa masu rai a cikin ɗabi'arsa. Misalin da aka fi ambata shi ne Second Home na birnin Lisbon a Fotugal, da aka buɗe a 2016 da tukwanen tsirrai sama da 1,000 a tsakanin tebura. A ɓangaren na'urori kuma akan ambaci ginin The Edge na Amsterdam, mai na'urorin ji kimanin 28,000 da ke auna motsi da haske da zafi, har manhajar waya ce ke nuna wa ma'aikaci teburin da zai zauna a ranar. Duka biyun an gina su ne a inda wuta ba ta yankewa kuma injiniyan gyara yana kusa.

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

Ƙananan hukumomin uku suna shiyyar Funtuwa, kuma mazaɓa ɗaya suke a Majalisar Wakilai ta Tarayya. A ƙidayar 2006 jimillar mutanensu ta haura rabin miliyan. Yanki ne na noma: masara, dawa, auduga, waken suya da shinkafa, ga kasuwar dabbobi ta Sheme a Faskari da kasuwar hatsi ta Ɗandume da ke maƙwabtaka da Sabuwa. Faskari tana iyaka da jihar Zamfara, Sabuwa kuma da jihar Kaduna. An san Ƙanƙara da arzikin farar ƙasa. Ruwan sama a nan ya fi na arewacin jihar yawa, domin wajen Funtuwa yakan kusanci milimita 1,000 a shekara.

Aikin da zauren haɗaka ke yi a birni, a irin waɗannan garuruwa a warwatse yake. Mai shagon kwamfuta yana buga takardu da yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, mai cajin waya yana da nasa janareta, mai POS yana ƙarƙashin lema a bakin titi, kowa yana ƙona man kansa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, don haka ɗalibin da ke son shiga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana bukatar wurin da zai saba da madannai kafin ranar jarrabawa. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 nan take, kuma ta kai wajen naira 1,000 a ƙarshen 2024. Daga nan sana'ar da ta dogara da janareta ta shiga wani hali.

Lissafin wuta

Kafin a zana ko da ɗaki ɗaya, masu tsara irin wannan wuri sukan fara da lissafin wutar da za a ci a yini. Ana yinsa da yunit, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, irin wanda ake saye a mita.

A ɗauki misalin ɗaki mai mutum 20. Kwamfutar cinya tana cin kimanin wat 50, saboda haka guda 20 a awa takwas za su ci yunit 8. Fanka shida masu tsimin wuta, da ƙwayayen fitila, da na'urar intanet, da injin buga takardu za su ƙara kimanin yunit 4. Jimilla yunit 12 ke nan. A yankin da ke da rana irin ta Katsina, farantan sola na kilowat ɗaya sukan ba da wajen yunit 4 a yini bayan an cire asara, don haka faranti shida masu wat 500 kowanne za su iya riƙe ɗakin.

Na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana cin wajen wat 1,100. Idan ta yini tana aiki za ta sha kusan yunit 9, wato fiye da abin da kwamfutoci 20 ɗin nan suka ci gaba ɗayansu. Ɗakin bulo mai rufin kwano da mutum 20 a ciki, a watan Afrilu, ba zai yi sanyi da guda ɗaya ba. Sai biyu ko uku. Nan take bukatar ta tashi daga faranti shida zuwa 15 ko 20, tare da inbata babba da batura masu yawa. Kuɗin da ba a kashe wajen yin gini mai sanyi ba, za a kashe ninkinsa wajen sayen sola, sannan a sake kashewa duk lokacin da batura suka mutu. Wannan ne ya sa a irin wannan yanki katanga da rufi da itace suke zuwa gaban kowace na'ura.

Gini

Maginan Hausa sun daɗe da sanin maganin zafi. Katangar tubali mai kauri tana shan zafin rana a hankali, ba ta sako shi cikin ɗaki sai bayan awanni da yawa. Shi ya sa soro yake da sanyi da azahar amma ya ɗauki zafi bayan isha, har a fita tsakar gida a kwana a lokacin bazara. A ɗakin kwana wannan aibi ne. A wurin aikin da ake buɗewa da safe a rufe da magariba kuwa, abin ya yi daidai: zafin yana isowa ne lokacin da babu kowa, kuma idan an bar ƙananan tagogi na sama masu raga a buɗe, iskar dare za ta kwashe shi kafin gari ya waye.

Matsalar ginin ƙasa ita ce ruwa da kuma yaɓe na kowace shekara. A gargajiyance ana kare katanga da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, rufi kuma da laso, sannan indararo ya jefa ruwan nesa da gindin gini. Rufin soro yana tsayawa ne a kan azara, wato tsagin itacen giginya, wanda gara ba ta cika ci ba. Azara ba ta ƙetare fili mai faɗi ita kaɗai, shi ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo, wanda ya kai ƙololuwarsa a Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a farkon rabin ƙarni na 19. Sai dai giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma ta yi ƙaranci, saboda haka wanda ke neman gini mai ɗorewar muhalli ba zai ce a koma ga azara kamar da ba.

Abin da masu zane na yanzu suka fi amfani da shi shi ne bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, a zuba masa siminti kaɗan, kimanin kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari. Yana da nauyin tubali da jure ruwa, kuma ana buga shi a wurin ginin da ƙasar da ke kusa. Hukumar binciken gini da hanyoyi ta Najeriya, NBRRI, ta ƙera injinan buga irinsa. Rage siminti yana da amfani ta fuska biyu, domin ban da tsadarsa, sarrafa siminti yana fitar da kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa.

Misali mafi kusa a ƙasar Hausa yana ƙauyen Dandaji na jihar Tawa a Nijar. A can ne masu zanen gini Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci babba a kusa da shi da bulon ƙasa matsattse. An kammala aikin, wanda ake kira Hikma, a 2018. An gayyato maginan gargajiya suka yi aiki tare da injiniyoyi, an dogara da kaurin katanga da shigar iska wajen sanyaya ɗakunan, an kuma tanadi ma'ajiyar ruwan sama a ƙarƙashin ƙasa domin ban ruwan shuke-shuken harabar. A garin dai ofishin Mariam ya zana kasuwa a kewayen wata tsohuwar itaciya, da rumfunan ƙarfe masu launi da aka jera wasu sama da wasu domin su ba da inuwa iska kuma ta wuce. Muhimmancin Dandaji ya wuce dabarar gini. A yawancin garuruwanmu ana ganin ginin ƙasa alamar rashi ce, wanda ya samu kuɗi sai ya rushe soro ya sa bulo da kwano. Ginin ƙasa da aka yi da kyau har baƙi ke zuwa kallo yana sauya wannan tunani fiye da kowace lacca.

Rufi shi ne inda mafi yawan zafi ke shigowa. Dabarar da Francis Kéré ɗan Burkina Faso ya yi amfani da ita a makarantar firamare ta ƙauyensu Gando a 2001 ita ce rufi biyu: silin na ƙasa a ƙasa, sannan kwano a ɗage sama a kan ƙarafa, iska tana ratsawa tsakaninsu. Kwanon yana tare ruwa da rana, amma zafinsa ba ya sauka kan mutane. Kéré, wanda ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker a 2022, ya gina wa matasa masu aikin kwamfuta harabar Startup Lions a gaɓar tafkin Turkana na Kenya a 2021, da dogayen hasumiyoyi masu zuƙe iska mai zafi zuwa sama, dabarar da aka koya daga surin gara. A zauren haɗaka farantan sola da kansu suna iya zama wani ɓangare na rufin sama, su yi wa ginin inuwa, iskar da ke bi ta ƙarƙashinsu kuma ta rage musu zafi. Wannan yana da amfani domin ƙarfin faranti yana raguwa da kimanin kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri da ya haura 25.

Sai kuma fuskar da gini ya kalla. Ana so dogayen ɓangarorinsa su kalli kudu da arewa, gajerun su kalli gabas da yamma. Da yake yankin yana tsakanin digiri 11 da 12 arewa da tsakiyar duniya, daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta rana takan ɗan karkata arewa da tsakar rana, sauran watanni kuma tana kudu, don haka ɓangarorin biyu duka suna bukatar baranda ko rufi mai leɓe. Katangar yamma ita ke shan ranar la'asar, can ya dace a sa sito da banɗaki. Ta gabas ita ke shan dukan hadarin damina, ita ce ke bukatar yaɓe mai ƙarfi. Shafa farar ƙasa a waje yana mayar da hasken rana baya, kuma a Ƙanƙara ba sai an je nesa nemanta ba.

Itatuwa da ruwa

Cika ɗaki da tukwanen fure irin na Lisbon bai dace da nan ba. Suna son ban ruwa kullum a lokacin da ruwa ke tsada, ga sauro da ke taruwa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wurin tsiro a gidan Hausa shi ne tsakar gida, kuma nan ya kamata ya kasance a wurin aiki: fili a tsakiya da itaciya mai inuwa, ɗakuna a kewaye, tagoginsu suna kallon ganye maimakon titi. Ƙarƙashin itaciyar kan zama wurin aiki na biyu, inda ake amsa waya da tattaunawa ba tare da an dami masu bukatar shiru ba.

Itacen da aka fi shukawa domin inuwa shi ne wanda Kanawa ke kira darbejiya, Katsinawa su ce bedi, wasu su ce dogon yaro ko maina. Yawan sunayen nasa alama ce ta baƙo, domin daga Indiya ya fito, kuma a zamanin Turawa ya yaɗu a Arewa. Yana girma da sauri kuma ba ya zubar da ganye duka da rani. Mangwaro da tsamiya suna da inuwa mai duhu amma suna jinkiri. Gawo yana da wata ɗabi'a da ta saɓa wa sauran itatuwa: yana zubar da ganye da damina, ya fitar da sabo da rani, wato yana da inuwa daidai lokacin da ake nemanta. Ceɗiya da durumi kuwa saiwoyinsu na fasa harsashin gini da bututun ruwa, sai a nesa. Jerin itatuwa a arewa maso gabas yana rage ƙurar hunturu kafin ta iso tagogi. Abin kiyayewa shi ne a auna tsawon da itace zai kai nan da shekara goma, kada inuwarsa ta faɗa kan farantan sola, domin inuwa a kan faranti ɗaya tana iya rage ƙarfin duk layin da yake ciki.

Ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Rufi mai murabba'in mita 200 a shekarar da aka samu milimita 900 zai zubo da lita 180,000. Ba duka za a iya adanawa ba, amma tanki rufaffe zai isa wanke farantai da ban ruwan dashe na watanni. Akan bar ruwan farko ya wanke ƙurar rufi ya zube kafin a fara tara na baya. Ruwan alwala ma, wanda ba shi da sabulu, ana iya jan sa ta ƙaramin lambatu zuwa gindin itatuwa, kuma a wurin da mutum 20 ke sallar azahar da la'asar kullum ba kaɗan ba ne.

Da rani, lokacin da iska ta bushe, ruwan da ke tsattsafowa ya ƙafe yana sanyaya abin da ke kusa da shi. Haka randa ke aiki, kuma a kan wannan ne Mohammed Bah Abba ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya a Jigawa, wadda ta ci kyautar Rolex a 2000. Randa a inuwar baranda tana ɗauke wa wurin bukatar firij na ruwan sha. Da damina dabarar ba ta ci sosai saboda laimar iska.

Na'urori

Ma'aunin na'ura mai amfani a nan shi ne ko mai gyaran sola na Funtuwa ko Malumfashi zai iya gyara ta idan ta lalace, kuma ko za ta ci gaba da aiki idan intanet ta ɗauke. Ƙofar da ba ta buɗuwa sai ta tuntuɓi wata kwamfuta a Turai za ta bar mutane a waje ranar da babu sabis.

Mafi amfani ita ce inbata mai nuna abin da ke shiga batir da abin da ke fita, wadda za a iya tsara ta ta riƙa yanke layuka bi da bi: idan caji ya yi ƙasa ta fara kashe injin buga takardu da soket na waje, ta bar na'urar intanet da kwamfutoci har ƙarshe. Sai ƙananan mitoci a kan tebura ko ɗakuna, domin a san wanda ya ci wuta da yawa, abin da ke kashe gardamar da ta saba raba masu shago ɗaya. Na'urar jin motsi tana kashe fanka da fitila a ɗakin da babu kowa. Akwai kuma ƙaramar na'ura mai auna iskar kabon: a waje ma'auninta kan nuna kimanin 420, idan ya haura 1,000 a cikin ɗaki alama ce iska ta tsaya. Wannan yakan faru da hunturu, lokacin da aka rufe tagogi saboda ƙura mutane suka fara hamma ba su san dalili ba.

Batirin lithiyam ya fi na dalma tsada a saye, amma ana iya shan kashi 80 cikin ɗari na cajinsa ko fiye, na dalma kuwa idan ana wuce rabi yana saurin mutuwa. Duka biyun zafi na rage musu kwana, don haka ɗakinsu ya kasance a ɓangare mafi sanyi. Mataccen batirin dalma bai kamata a bar shi a fasa a tsakar gida ba. Mutanen yankin sun san illar dalma tun abin da ya faru a maƙwabciyarsu Zamfara a 2010, inda gubarta daga haƙar zinare ta kashe ɗaruruwan yara. Sandar kare tsawa da waya mai shiga ƙasa ba su da tsada idan aka kwatanta da inbatar da tsawa ɗaya za ta ƙone. Wanke farantai da sassafe a lokacin hunturu kuwa aikin tsumma da bokiti ne.

Tsarin ciki

Tsarin gidan gargajiya ya riga ya warware yawancin tambayoyin. Zaure na farko shi ne na masu shigowa su fita: buga takarda, cajin waya, cire kuɗi. Daga nan sai tsakar gida, sannan ɗakunan masu zama su yini. Mai hayaniya yana kusa da titi, mai son natsuwa yana ciki. Mata da yawa ba za su samu izinin zuwa ba, ko su kansu ba za su sake ba, idan babu ɓangarensu da banɗakinsu da wurin sallarsu, kuma idan hali ya yi, da ƙofarsu. Wurin da bai yi wannan tanadi tun a zane ba, da wuya ya gyara daga baya. Tebura da kujeru kafintan gari zai iya yi, kuma shi ne zai gyara su.

Sadarwa da tsaro

Ƙananan hukumomin uku suna cikin waɗanda suka fi shan wahalar 'yan bindiga a jihar. A daren 11 ga Disamba, 2020 aka sace ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako su bayan kusan mako guda. A ƙarshen Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, sannan aka hana sana'ar cajin waya a wurare da dama. An shafe watanni a haka. Mai janareta ya rasa mai, mai aikin intanet ya rasa sabis, wasu sai sun yi tafiya zuwa wani gari kafin su aika saƙo.

Wannan tarihi yana shiga cikin zane kai tsaye. Wurin da ke kan sola bai damu da jarka ba. Intanet ta tauraron ɗan Adam, irin ta Starlink da ta fara aiki a Najeriya a watan Janairu na 2023, ba ta bi ta turakun sadarwa na gari, kuma kuɗinta da ya fi ƙarfin mutum ɗaya yana sauƙi idan mutum 20 suka raba. Duk da haka akan ajiye layin MTN ko Airtel a matsayin na biyu. Ana kuma iya ajiye ƙaramar kwamfuta a cikin ginin mai ɗauke da littattafai da darussa da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ta manhajoji irin su Kiwix da Kolibri, waɗanda ake buɗewa ta Wi-Fi na gida ko da babu intanet sam.

Gilashi mai faɗi da ke nuna kwamfutoci ga mai wucewa, irin na hotunan ofisoshin Turai, gayyatar ɓarawo ne. Katanga mai kauri da ƙananan tagogi a waje, da buɗaɗɗen fili a ciki, ta fi dacewa da zafi da ƙura da tsaro a lokaci guda. Akan zaɓi fili a cikin gari kusa da kasuwa ko masallaci maimakon bayan gari inda fili ke da araha, a ɗaure farantai da ƙusoshin da ba sa kwancuwa da sauƙi, a sa batura a ɗaki mai ƙofar ƙarfe. Kyamarar tsaro tana taimakawa idan tana ajiye hotunanta a cikin ginin, sai dai ba ta maye gurbin maigadin da ya san fuskokin mutanen unguwa, kuma lokacin tashi yana bin lokacin da hanyoyin ƙauyukan da masu zuwa suka fito ke da aminci.